Rodin Baba Wole da Shukar Matan Maska

Akwai wani mai walda a Funtua ana ce masa Awaisu, wanda Allah ya ba hannu, ya kuma jarrabe shi da kunnen ƙashi. Ku gyara zama 'yan wannan shafi. Labarin na masu sana'a ne, amma wanda ko guduma bai taɓa riƙewa ba zai tsinci nasa a ciki.

Shagonsa yana layin makanikai. Ƙofofi yake yi da tagogi da baro, har da injin shuka na turawa, irin wanda mutum zai riƙe da hannu biyu yana tafiya, shi kuma yana sakin iri ɗaya-ɗaya a ƙasa.

Jikin injin ba ya ba Awaisu wahala. Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne faifan da ke ciki. Wata roba ce mai kauri, zagayayya, mai gurabu a gefe, kowane gurbi ya ɗauki ƙwayar masara ɗaya ya kai ta ƙasa. Daga Kano yake sayo faifan, da tsada, wani lokacin ma a ce masa ya yanke.

To, sai Awaisu ya ɗauri aniyar ƙera injin da zai riƙa yanka masa faifan a shagonsa. Irin wanda ake kira CNC ne: ka zana abu a kwamfuta, ita kuma ta riƙa kai bakin yanka daidai inda ka zana, gaba da baya, hagu da dama. Wata biyar yana kallon yadda ake yi a waya. Ya haɗa teburin ƙarfe, ya sayo ƙananan injinan da ke juyawa da umarnin kwamfuta, ya jona wayoyi. Gaskiya ya yi ƙoƙari, wannan kam ba mai ƙwace masa.

Abu ɗaya ya rage, wato rodin da zai riƙa jan bakin yankan. Dogon ƙarfe ne mai tiredi, zaren nan da noti ke bi. In rodin ya juya, notin da ke kansa ya matsa, ya ja bakin yankan tare da shi. Duk daidaiton injin a jikin wannan rodi yake.

Na ainihi, wanda ake kawowa daga waje, mai 'yan ƙwallayen boris a cikin notinsa, ranar da Awaisu ya ji farashinsa sai da ya ajiye waya ya nemi ruwa ya sha. Ya san ba nasa ba ne. Dole ya nemi mai sauƙi.

A ƙarshen layin akwai wani tsoho Bayarabe mai suna Oluwole, amma kowa Baba Wole yake ce masa. Shekara arba'in da ɗoriya yana Funtua, tun zamanin da kamfanonin gurzar auduga ke tashe, shi ne mai feƙe musu ƙarfe a injinsa. Hausa a bakinsa har da karin magana. Da ya ji labarin injin Awaisu sai ya tako da kansa ya zo gani. Ya zagaya shi sau biyu, ya ciro tef daga aljihu ya auna nan ya auna can, ya ce Allah ya yi wa hannu albarka, ya tafi.

Washegari sai ga shi yana turo baro, da wasu rodi guda uku a ciki, baƙi ƙirin, duk tsohon giris ya daskare musu. Ya ce daga wani mataccen injin auduga ya cire su shekarun baya, ya ajiye. Ya nuna wa Awaisu tiredinsu: mai faɗi ne, bakinsa a shafe, don jan nauyi aka yi shi, ba don ɗaure abu ba. Ya ce in aka sa noti biyu da sifirin a tsakani, wato naɗaɗɗen ƙarfen nan mai lotsawa ya dawo, sifirin ɗin zai riƙa tura su suna manne da tiredin, ba za su yi wasa ba ko kaɗan. Kuɗinsu kuwa, ya ce Awaisu ya ba shi abin da 'yan jari-bola za su ba shi in sun ɗora a sikeli.

Jama'a, ina araha ta wuce wannan?

Amma a lokacin Awaisu ya riga ya zama ɗan gari a waya. Kullum sai ya ɗauki bidiyon injinsa ya saka, mutane na ta yi masa kirari da Injiniya. Kuma Rabe, wani mai sayar da kayan gini, ya riga ya nuna masa wasu sababbin rodi masu tiredi, farare tas, suna ɗaukar ido, su ma da araha. Awaisu ya dubi baƙaƙen rodin Baba Wole, ya hango yadda za su fito a bidiyo, sai ya ji ransa ya ƙi.

"Baba," ya ce yana dariya, "injin zamani nake ƙerawa fa, ba gidan tarihi zan buɗe ba."

Da a nan ya tsaya da sauƙi. Sai ya zaro waya ya ɗauki baron da rodin, har da ƙafafun tsohon cikin silifas, ya saka a shafinsa, ya rubuta cewa ga inda tsofaffi ke so a mayar da mu. Makanikan da ke wurin suka yi dariya, wasu don abin ya ba su dariya, wasu don kada a ce ba su waye ba.

Baba Wole bai yi fushi ba, ko kuma ya yi bai nuna ba. Ya kama hannun baronsa, ya ce: "Injiniya, abu ɗaya nake roƙonka. Kafin ka yanka kayan mutane, ɗaura biro a bakin injin, ka sa ya zana maka da'ira a takarda. In bakinta ya haɗu, zo shagona ka ƙarasa dariyar."

Ya juya ya tafi da kayansa.

Awaisu ya sa rodin Rabe. Injin ya tashi, ya yi kyau kamar amarya. Abu na farko da ya yanka shi ne allon katako mai ɗauke da sunansa, har da Injiniya a ƙasa, ya rataye a ƙofar shago. Haruffa kuwa ba sa tona asiri, in sun ɗan karkace wa zai lura? Sannan ya yanka faifan shuka guda ɗaya tun notin yana sabo, ya fito lafiya. Zancen biro da takarda ko tuna shi bai yi ba.

Wannan faifai na farko shi ya kai wa Hajiya Tasalla a Maska. Ita ce shugabar ƙungiyar mata manoma a can, mata arba'in, da yawansu zawarawa ne masu riƙe da marayu. Kowace shekara matsalarsu ɗaya ce: in ruwa ya sauka, 'yan ƙwadago sai sun gama da manyan gonaki kafin su waiwaye su, lokacin danshi ya tafi. A wannan shekarar ƙungiyar ta samo musu ingantaccen irin masara, wanda aka shafa wa jan magani, kowace an auna mata daidai gonarta, babu ƙari.

Hajiya Tasalla ta gwada faifan cikin injin shuka a tsakar gidanta, ta ga iri yana faɗowa ɗaya-ɗaya. Ta ce ya yi musu injin shuka arba'in kafin damina. Ta dube shi ido cikin ido ta gaya masa cewa in ya karɓi aikin nan, ba za su nemi 'yan ƙwadago ba, a kansa za su dogara. Awaisu ya bugi ƙirji ya ce ta kwantar da hankalinta.

Kafin ya zo kan faifan, sai da ya yi sati uku yana yanka wa mutane allunan shago, don suna ya riga ya fita. Ƙurar katako tana zuba a kan rodin, noti yana gurzarta. Rodin Rabe kuwa ƙarfe ne mai laushi, don rataye silin aka yi shi. A hankali tiredin ya fara cinyewa.

Da ya fara yankan faifan sai ya lura da wani abu. Duk lokacin da injin zai juya daga hagu ya koma dama, sai ya ji wani ɗan ƙwas, kamar an taɓa ƙofa. Rodin yakan ɗan juya a banza kafin notin ya bi shi. Kwamfuta tana zaton an matsa, alhali ba a matsa ba. Gurabun suka riƙa fitowa wani ya matse, wani ya buɗe, wani kamar ƙwai.

Ya san akwai matsala, ba zan ɓoye muku ba. Ya ɗaga faifan ya duba a rana, ya ajiye, ya sake ɗauka. Hadari ya riga ya fara haɗuwa ta gabas kowace yamma. Zuciyarsa ta ce masa je ka wurin Baba Wole, girman kai ya ce da wace fuskar? Sai ya ɗauki ƙaramin zarto ya riƙa goge bakin gurabun da hannu, yana gaya wa kansa cewa masara ba ta da ido, ba za ta san bambanci ba.

Ranar wata Alhamis da la'asar aka yi ruwa mai ƙarfi, irin wanda manoma ke jira. Juma'a da sassafe Awaisu ya loda injinan shuka a mota ya nufi Maska. Gonar Hajiya Tasalla tana bakin hanya, a nan matan suka taru, kowace da ƙullin irinta, za a nuna musu yadda ake yi kafin kowa ta ɗauki nata.

Awaisu ya zuba jan irin Hajiya a injin farko. Ya kafa wayarsa a kan wani kututture tana ɗauka, ya kama turawa da sauri, yana tafiya yana yi wa wayar bayani. Layi ɗaya, biyu, uku. Akwai wata ƙara da ke fitowa daga cikin injin, ƙaras-ƙaras, amma sai ya ƙara ɗaga murya. Sai da ya kai layi na takwas Hajiya Tasalla ta ɗaga masa hannu.

Ta durƙusa a farkon layin, ta sa yatsa ta tona. Babu komai. Ta matsa taki ɗaya ta tona, ta sami ƙwaya uku a rami ɗaya. Ta matsa gaba, ta tono ƙwayar da ta rabe biyu. Haka ta bi layin a durƙushe, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Da ta miƙe sai ta zo gabansa ta buɗe tafin hannunta. Ɓarɓashin jan iri ne a ciki, ya cakuɗe da laka.

"Malam Awaisu," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "wannan ba ya tsira. Danshin nan kuma kwana uku ne, in ya yi yawa huɗu. 'Yan ƙwadago duk sun shiga gonakin Alhazai. Me zan gaya wa matan nan?"

Wallahi da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya dubi matan, ya ga wata ta mayar da ƙullin irinta cikin zani ta rungume. Ya je ya kashe wayar. Ya ce Hajiya ta ba shi zuwa Lahadi. Ta ce ba ita ke ba da kwanaki ba, ƙasa ce.

Ya bar jikin injinan a can, ya kwaso faifan duka a buhu, ya hau ɗan acaba ya dawo Funtua. Wurin Rabe ya fara zuwa, yana huci. Rabe ya saurare shi tsaf, sannan ya ce shi rodin silin ya sayar masa, kuma har gobe in aka rataye silin da shi ba zai faɗo ba. Ya ce bai taɓa cewa ya san aikin inji ba, Awaisu ne Injiniya. Maganar ta yi ɗaci, amma ba ƙarya a cikinta.

Ya koma shago ya ce bari ya matse notin da ƙarfi, ko wasan zai daina. Da ya matse sai notin ya cije. Ya ƙara wa injin gudu don ya ja da ƙarfi, sai siririn rodin ya kama rawa a tsakiya kamar igiyar shanya a iska, teburin duka yana karkarwa. Kafin ya kai hannu ya kashe, rodin ya lanƙwashe. Yanzu ko faifai mara kyau ba zai iya yankawa ba.

A masallacin Juma'a bai san abin da liman ya faɗa ba. Ya koma gida, matarsa Raudatu ta ajiye masa abinci ya kasa ci. Ya ba ta labari. Ta ce ya tashi ya je wurin Baba Wole. Ya ce ta manta abin da ya yi wa tsohon ne? Ya ce kuma makon jiya da idonsa ya ga motar 'yan jari-bola a ƙofar shagon Baba tana loda ƙarafa, rodin nan sun daɗe da tafiya.

"Baban Nana," ta ce, "kunyarka ta mutum ɗaya ce. Yunwar can ta gida arba'in ce. Tashi ka je, in ya kore ka ma ka dai je."

Tafiyar daga shagonsa zuwa ƙarshen layi ba ta kai minti uku ba, amma ranar ta yi masa tsawo. Makanikan da suka taya shi dariya suna zaune suna kallonsa yana wucewa da lanƙwasasshen rodi a kafaɗa. Labari ya riga shi isowa daga Maska.

Ya sami Baba Wole yana goge hannu da tsumma. Ya yi sallama, ya durƙusa har ƙasa. Duk maganar da ya shirya a hanya ta gudu. Abin da ya iya cewa kawai shi ne: "Baba, na ƙi ji, ga shi na gani."

Tsohon ya ajiye tsumman. Ya karɓi rodin, ya shimfiɗa wani gilashin taga a kan benci, ya mirgina rodin a kai. Rodin ya riƙa tafiya yana ɗingishi. Ya murɗa notin a kansa ya girgiza, ƙwas-ƙwas. Ya tambaye shi ko ya zana da'irar nan da biro. Awaisu ya sunkuyar da kai.

Sannan Baba Wole ya ce 'yarsa ta nuna masa bidiyon nan na baro, har da silifas ɗinsa. Ya ce silifas ɗin sun fito da kyau. Awaisu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ya ce a yafe masa. Ya ce ya san rodin sun tafi, shawara kawai ya zo nema, ko akwai wata dabara.

Baba Wole ya shiga can ƙuryar shago, ya jawo wani dogon ƙunshi da aka naɗe da buhun siminti. Ya kwance igiyar. Rodin nan uku ne. An wanke su da kananzir, tiredin ya fito fes yana sheƙin mai. An yanke kowanne daidai tsawon da injin Awaisu ke bukata, an feƙe bakinsu yadda za su shiga mazauninsu. Ga noti bibbiyu na tagulla, sababbi, ga sifirin a tsakani.

Ashe awon da tsohon ya yi da tef ranar farko bai jefar da shi ba. Ya ce 'yan jari-bola sun taya har sau biyu, ya hana. Ya ce tun da ya ji ƙarar injin a bidiyon allunan shago ya san tiredin ya fara tafiya, sai ya riƙa yin aikin kaɗan-kaɗan in ba shi da kwastoma.

"Na san za ka zo," ya ce. "Abin da na roƙi Allah shi ne ka zo kafin ka taɓa abincin mutane. To, ba ka zo ba. Tashi, ɗauko baro, rana tana tafiya."

Awaisu, ƙato da shi, sai da ya share hawaye da bakin riga. Wannan karon shi ya turo baron, tsohon yana biye da shi, suka bi ta gaban makanikan nan.

Ragowar Juma'ar da wunin Asabar duka a kan ɗaura rodin suka ƙare. Mazaunin da Awaisu ya yi wa na farko bai daidaita ba, sai da aka yanke aka sake walda. Baba Wole ba ya gaggawa. Zai ɗaura, ya juya da hannu, ya saurara, ya kwance, ya sa 'yar takarda a ƙarƙashi, ya sake ɗaurawa. Awaisu kuwa kowane lokaci sai ya leƙa waje. Rana ta buɗe tun safe, ba gajimare ko ɗaya, zafi kamar a gasa gurasa. Ya san kowace sa'a ƙasar Maska tana shanye ruwanta.

Da la'asar ɗin Asabar aka gama. Awaisu ya ɗauko roba zai ɗora, tsohon ya riƙe masa hannu, ya miƙa masa biro.

Robar da ta rage ba ta da yawa, mafi yawanta ta tafi a faifan da suka lalace, kuma ba lokacin zuwa Kano. Duk wadda aka ɓata ta tafi ke nan. Awaisu ya ɗaura biron, ya shimfiɗa takarda, ya danna. Biron ya tashi daga wani ɗigo, ya zagaya a hankali. Ya wuce inda da ake jin ƙwas, ba a ji komai ba. Ya zagayo. Bakin biron ya dawo ya sauka a kan ɗigon da ya tashi, ko a ina aka fara ba ka ganewa.

Baba Wole ya ce yanzu ɗora robar.

Amma tsofaffin rodin ba sa son gudu. Kowane faifai yana cin kusan sulusin awa. Sau ɗaya Awaisu ya kai hannu zai ƙara sauri, tsohon ya buge hannun kamar na yaro, ya ce gudun ne ya kawo su nan. Suka yanka biyar kafin magariba. Baba Wole ya sa aka sayo masara a kasuwa, kowane faifai sai an ɗora shi a injin shuka an tura a ƙasan shago an ƙirga abin da ya faɗo, ɗaya-ɗaya, kafin ya shiga buhu.

Lahadi tun da asuba Awaisu ya buɗe shago. Baba Wole ya tafi coci, ya ce masa in ya taɓa saurin injin zai sani. Da aka tashi sai ga shi da kayansa na coci, farare sol, ya naɗe hannun riga ya zauna kusa da injin. Duk faifai biyar da suka fito, Awaisu ya damƙa wa ɗan acaba ya ruga da su Maska. Can kuma Hajiya Tasalla ta tsara matan, wadda gonarta ke kan tudu ita ke fara karɓa, don tata ƙasar ce ke saurin bushewa.

Robar ta ƙare a faifai na talatin da ɗaya. Awaisu ya kira Hajiya ya gaya mata. Ta ce ba komai, wadda ta gama za ta miƙa wa maƙwabciyarta. Ya kai na ƙarshen da kansa, ya kuma tsaya a can ranar Litinin yana tura injin a gonakin tsofaffin da ba su da mai tura musu. A gonar ƙarshe, sai da suka tona ƙasa tsawon yatsa kafin su taɓo danshi. Suka shuka da bismillah, ba wanda ya san ko zai tsira.

Talata ba ruwa. Laraba ba ruwa. Awaisu ya rame a kwana biyun nan, abinci ba ya shiga. Alhamis da hantsi hadari ya taso, aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Shukar mata ta fito, layi-layi, gwanin sha'awa.

Sai layuka takwas ɗin nan na Hajiya Tasalla, na bakin hanya. Su suka fito da giɓi, nan ɗaya, can uku a cunkushe, can fili. Ingantaccen irin ya ƙare, babu inda za a samo. Awaisu ya ɗebo masarar gida daga rumbun mahaifinsa, ya zo ya bi gurabun da hannu yana cikewa. Ta tsira, amma a makare, 'yan uwanta sun riga sun yi mata inuwa. Duk daminar nan wanda ya bi hanyar Maska zai ga gona kore shar, da wasu layuka takwas gajeru a gaba. Awaisu kuwa hanyarsa ce, don yanzu har daga Danja da Dandume ana neman injinsa.

Ya goge bidiyon baron, ya saka wani yana ba tsohon haƙuri a gaban kowa. Ya je zai biya kuɗin rodin da na aiki, Baba Wole ya ce shi magana ɗaya yake yi, a ɗora a sikeli. Fararen rodin Rabe da suka rage kuwa, Raudatu ta karɓe su ta rataye labule, ta ce a nan kam ba su da na biyu.

Da masara ta nuna, sai ga saƙo daga Hajiya Tasalla, kwando biyu. Na farko na Baba Wole ne, manyan masara cike da ƙwaya har baki, ta ce daga kowace gona an sa ɗaya. Na biyun na Awaisu ne. Da ya buɗe sai ya ga 'yan ƙanana, wasu ba su fi tsawon yatsa ba, ƙwayar jefi-jefi. Mai kawo saƙon ya ce Hajiya ta ce a gaishe shi, a kuma gaya masa wannan daga layukansa ne, shi ya shuka, shi ya fi cancanta ya ɗanɗana.

Makanikai suka taru za su yi dariya. Baba Wole ya ɗebi rabin nasa zai zuba masa, Awaisu ya riƙe bakin kwandonsa ya ce a'a, Baba, wannan nawa ne. Ya kai gida, Raudatu ta gasa, ya zauna a tabarma ya cinye su ɗaya bayan ɗaya, bai bar ko guda ba.

Darasi: Neman araha ba laifi ba ne, talaka da ita yake rayuwa. Amma ka zaɓi abin da zai yi aikin, ba abin da zai burge masu kallo ba, kuma ka gwada shi a kan takardarka kafin ka gwada shi a kan abincin wasu. In wanda ya riga ka a sana'a ya ba ka shawara, ko ba za ka ɗauka ba, kada ka wulaƙanta shi, domin abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ku tura wannan labari ga duk wani mai sana'a da kuka sani, musamman wanda yabon waya ya fara toshe wa kunne.